Canza Sifirin Bawul Ba Tare Da Ɗage Kan Injin Ba

Duk direban da ke neman abinci tsakanin Nyanya, Kubwa da tsakiyar birnin Abuja ya san cewa ranar da mota ta kwana a gareji, da wuya tukunya ta hau murhu a gidansa. Saboda haka maganar da ya fi tsoron ji daga bakin makanike ita ce, "Sai an ɗage tof," watau kan injin. Amma a Ƙauyen Makanikai na Apo, gwanayen sana'ar sun san cewa ba kowace cuta ta bawul ce ke bukatar wannan babban aiki ba.

Bawul ƙofa ce da ke shigar da mai da iska cikin silinda, ko ta fitar da hayaƙi. Sifirin kuwa shi ke mayar da ita ta rufe. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowace bawul tasa tana buɗewa sau 1,500, watau sau 25 a daƙiƙa. Ba mamaki in sifirin ya gaji ko ya karye. Alamarsa ita ce injin ya riƙa tsallake wuta, ƙarfin mota ya ragu.

Wahalar aikin guda ce: da zarar an cire sifirin, babu abin da ke riƙe da bawul, sai ta zurma cikin silinda. Dabaru biyu ne ke hana haka. Ta farko, bayan an cire murfin sama da fulogi, sai a juya injin da hannu har fistin ya hau ƙololuwa, bawul duka biyu suna rufe. Daga nan a hura iskar kwamfuresa ta ramin fulogi, ita ce za ta tokare su. Wajibi ne a sa giya a ja birkin hannu, domin iskar tana iya tura fistin ƙasa farat ɗaya.

Dabara ta biyu ta fi dacewa da wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Ana zura igiya mai laushi ta ramin fulogi tun fistin yana ƙasa, a bar bakinta a waje, sa'an nan a juya injin sannu a hankali har igiyar ta matsu a ƙarƙashin bawul. Sai a danne sifirin da abin matsewa, a tsamo ƙananan ƙarafa biyu da ke kulle shi da maganaɗisu, a sa sabo. Mai hankali yakan canza robar wuyan bawul a lokaci guda, gama ita ce in ta bushe take barin baƙin mai ya sauka, mota ta riƙa shuɗin hayaƙi da safe. Kuma lalle a toshe ramukan mai da tsumma, kada wani ƙarfe ya faɗa.

Tsofaffin makanikai da suka koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, suna da wani dalili kuma. Silindojin injinta zurawa ake yi, ruwa yana kewaye da su, kuma ɗage tof da garaje yakan motsa su, ruwa ya gauraya da mai. Ke nan garin neman gira an rasa ido.

Sai dai dabarar tana da iyaka. In bawul ta ƙone ko ta lanƙwashe, ko kuwa gasket ya ci wuta, babu makawa sai an ɗage tof. Don haka ya kamata mai mota ya nemi a auna matsin kowace silinda tun kafin a taɓa sifana. Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.