Idan Tsohuwar Kyanwa Ta Fara Cinye Gashinta

A gidajen da ke kusa da madatsar ruwan Tagwai, da can cikin Chanchaga da Tunga, ba kasafai ake ajiye kyanwa don ado ba. Gadi take yi. Ita ke hana ɓera sakat a kan buhunan masara da shinkafa da tarin doyar da ke sito, ladanta kuwa kan kifi da ragowar tuwo. Sai ta shekara 10 ko fiye a kan wannan aiki babu wanda ya taɓa kashe mata ko sisi, har ranar da uwargida za ta lura cewa gashin cikinta da na cinyoyinta ya tafi, bayanta kusa da gindin wutsiya ya yi ƙuraje da ɓamɓaroki, ita kuma ba ta da aiki sai lasa da cizon jikinta. Abin da aka saba cewa shi ne, "Ai tsufa ne."

Tsufa shi kaɗai ba ya sa ƙaiƙayi. Yawancin lokaci ma gashin ba zubewa ya yi ba, ita ce ta kankare shi. Harshen kyanwa na da ƙananan ƙayoyi masu kaushi, kuma ko lafiyayya kan ɓata kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin da take farke wajen gyaran jiki. Shafa wurin da tafin hannu. In ka ji guntayen gashi suna sukar ka, lasa ce ta karya su, akwai kuma abin da ke sa ta lasar. Wasu kan ɗora laifin a kan damuwa ko sabo. A 2006 likitocin dabbobi a Kanada sun binciki kyanwoyi 21 da aka ce damuwa ce ke sa su cinye gashinsu, sai aka samu 16 cuta ce a jikinsu, biyu kacal ne matsalarsu ta tsaya ga damuwa. Saboda haka jiki za a fara dubawa, kuma hanyar da ta fi sauƙi ga aljihu ita ce a bi abin daki-daki, a fara da wanda ya fi yawa kuma ya fi arha.

Na farko ƙuma ce. Maigida zai rantse bai taɓa ganin ko ɗaya a jikinta ba, gaskiya kuma ya faɗa, domin kyanwar da ke yawan lasa haɗiye su take yi. Wadda jikinta ba ya jure yawun ƙuma kuwa, cizo kaɗan ya isa ya hana ta barci na kwanaki. Gwajin ba ya cin ko kwabo. A ɗora ta a kan farar takarda da aka ɗan jiƙa, a taje bayanta da mataji mai ƙananan haƙora. Baƙaƙen ɗigon da suka faɗo, in ƙasa ce haka za su zauna, in kashin ƙuma ne sai ka ga sun narke sun yi ja, don busasshen jini ne. In kuma ana ganin wasu fararen abubuwa masu motsi a ƙarƙashin wutsiyarta, guntayen tsutsar ciki ce da take samu ta hanyar haɗiye ƙuma, ka ga wata shaidar ke nan.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne zaton cewa ƙumar duk tana jikin kyanwa. Tamata ɗaya kan saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, zuba yake yi duk inda ta kwanta: tsohon buhu, ƙarƙashin gado, tsagar daɓe, bayan randa. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙumar gida suna can a matsayin ƙwai da tsutsa da ƙwanso, wanda ke iya jira na watanni kafin ya fashe. Damunar Minna, daga Afrilu zuwa Oktoba, da ɗuminta da danshinta, ita ce daidai abin da suke so. Ƙari a kan haka, irin wannan ƙuma tana hawa kare, tana hawa awaki da tumaki, to gidan da garke ke jikin ɗakin kwana ba ya rabuwa da ita da wuri.

Rabin maganin ke nan aikin tsintsiya ne da rana. A ƙone tsohon buhun da take kwanciya a kai, a ba ta tsumman da za a iya wankewa da ruwan zafi duk mako a shanya a rana mai ƙarfi, a share lunguna a kwashe sharar nesa. Ɗaya rabin shi ne maganin ɗigawa a ƙeya wanda aka yi domin kyanwa, mai sinadarin fipronil kamar Frontline, ko selamectin, wanda shi har ƙwarin kunne da ƙazuwa yake kashewa. Sau ɗaya a wata, wata uku a jere, a kan kowace kyanwa da ke gidan, kare ma a ba shi nasa. Wanda ya ɗiga sau ɗaya ya daina, bayan mako uku ya ce magani bai yi ba, sabbin ƙyanƙyasa ne suka hau ta.

Sai maganar da ta fi damuna. Kyanwoyi da yawa ba ƙaiƙayin ke kashe su ba, taimakon maƙwabta ne. Wani ya ce a shafa mata baƙin mai, wani kalanzir, wani ya ce a ɗiga otapiapia ko Sniper a ruwa a yi mata wanka. Sniper ɗin nan, mai sinadarin dichlorvos, shi ne NAFDAC ta hana sayarwa a kasuwanni da shaguna barkatai tun 2019 saboda yadda yake halaka mutane, balle dabbar da ba ta wuce kilo uku ko huɗu ba, wadda duk abin da aka shafa mata sai ta lashe shi. Dettol da Izal ma guba ne gare ta, don hantarta ba ta iya sarrafa irin sinadaransu. Maganin ƙumar kare mai permethrin da maganin kaskar shanu kan jefa ta cikin karkarwa da farfaɗiya cikin 'yan sa'o'i. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tak tana iya kashe ta. Garin neman gira ake rasa ido.

In an yi wata biyu ko uku ana yaƙin ƙuma tsakani da Allah amma lasar ba ta ragu ba, sai a lura da inda take lasa, domin a nan ne tsohuwa ta bambanta da yarinya. Kyanwa kan lashi wurin da ke mata ciwo, ba sai mai ƙaiƙayi ba. Idan gwiwa ɗaya ce ko kwankwaso ta nace wa, ta kuma daina tsalle kan katanga, tana jinkiri kafin ta sauko daga kujera, to a yi zargin ciwon gaɓɓai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya duba hotunan ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, ya samu 90 da lalacewar gaɓɓai. Ba ta ɗingishi, ba ta kuka, shi ya sa ba a ganewa. Shimfiɗa mai laushi a ƙasa nesa da sanyin siminti, kwanon abinci da na ruwa inda ba sai ta yi hawa ba, da taje mata bayan da ba ta iya kaiwa, duk kyauta ne kuma suna rage mata wahala. Idan mara take ta lasa tana kuma yawan tsugunnawa fitsari kaɗan-kaɗan, mafitsara ce. Idan tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, tana shan ruwa fiye da da, wannan ya wuce maganin gida, ana zargin ciwon suga, ko halittar maƙogwaro da ake kira tayirod.

Akwai kuma cututtukan fata. Makero kan fito zagaye-zagaye a fuska da kunne da ƙafa, kuma yana kama yara, don haka a raba su da ita har a yi magani. Ƙazuwa kan fara daga gefen kunne ta yi ɓawo mai kauri. Hunturu na busar da fata, amma shi kaɗai ba ya sa kyanwa ta yi sanƙo.

Abinci ma na iya zama sila, kuma abin mamaki kifi na cikin waɗanda suka fi jawo wannan, tare da naman shanu da kaza, ko da ta shekara tana cin su lafiya. Gwajinsa shi ne a tsare ta a kan nama iri ɗaya da ba ta saba ci ba, kamar na zomo, har mako takwas ba tare da ta ɗanɗani komai ba. A Tagwai, inda kyanwa ke zagaya gida biyar ana jefa mata ƙayar kifi, wannan sai mai haƙuri da ɗakin kullewa. Ko da gwaji ko babu, a daina zuba mata miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini.

Zuwa asibitin dabbobi, ko na gwamnati ko na kuɗi a cikin Minna, ya fi arha idan aka je da shiri: kwalin maganin da aka riga aka ɗiga da ranakun da aka ɗiga, abin da take ci, hoton wurin a waya daga mako zuwa mako. Kankare fata a duba a madubin likita ƙaramin aiki ne, yana kuma raba ƙazuwa da sauran. Akwai allurar da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, ta dangin dexamethasone, masu dabba na son ta don suna ganin sauƙi washegari. Tana da ranarta, musamman in fata ta yi rauni. Sai dai maimaita ta wata bayan wata a jikin tsohuwar kyanwa na iya janyo ciwon suga, tana kuma ƙara wa makero ƙarfi, don haka kafin a soka, a tambayi likita me yake zargi ya jawo ƙaiƙayin. A ɗauko ta cikin kwando mai murfi da tsummanta a ciki, ba cikin buhu a bayan acaɓa ba.