Bishiyar Turare da Saƙon da Ke Yawo a Waya

Tun farkon damina saƙon nan ke zagaya wayoyi. A zauren WhatsApp na danginmu na fara ganinsa, goggona ce ta turo. Bayan kwana biyu ya sake shigowa ta hannun wani abokin aiki, an ƙara masa hoton kwalba da gargaɗin cewa duk wanda bai tura wa mutum goma ba ya ɓoye alheri. Wai a dasa bishiyar turare a tsakar gida, sauro zai yi ƙaura, an huta da gidan sauro. Wai kuma man ganyenta, in aka ba yaro rabin cokali a ruwan ɗumi ko aka ɗiga masa a hanci, yana maganin tari da asma da zazzaɓi. Sai aka rufe da cewa Turawa ne suka ɓoye wannan sirri don a riƙa sayen maganinsu.

Zancen sirri bai cancanci ɓata tawada ba. Ɗauki kwalbar man zafi a kowane kemis ka duba bayanta, sau da yawa za ka ga sunan man turare a cikin kayan haɗi.

Maganar shan man ce ta hana ni yin shiru. Man da ake tatsowa daga ganyen turare guba ne idan ya shiga cikin yaro, kuma babu wata tantama a kan wannan. Babban sinadarin da ke cikinsa, sineyol, yana saurin ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. Mililita 2 ko 3, kimanin rabin cokalin shayin da saƙon ya ambata, ya isa ya sa ƙaramin yaro layi da amai da barcin da ba na lafiya ba. Cikakken cokali, mililita 5, yana iya kai shi ga jijjiga da dogon suma. Alamun sukan fito cikin rabin sa'a, wani lokaci su ɗan jinkirta. Babu wata allura da ke karya wannan guba. Abin da asibiti ke yi shi ne tallafa wa numfashin yaron da tsayar da jijjigar har jiki ya fitar da man. Mai farfaɗiya kuwa, babba ne ko yaro, man na iya tayar masa da ita.

Na san abin da goggona za ta ce, don ta faɗa mini: "Kai ɗan nan, tun kafin a haife ka muke sirace da ganyen turare, wa ya mutu?" Gaskiyarta, kuma a nan ruɗanin yake. Man da ke cikin ganye bai cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa ba. Wanda ya jefa ganye biyar a tukunya ƙamshi ya samu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kwalba kuwa tarin ganye aka turara aka tattara ƙarfinsa wuri guda. Wanda ya rubuta saƙon ya haɗa biyun ya yi musu kuɗin goro, ko don jahilci ko don yana da kwalaben sayarwa. Uwar da ɗanta ya kwana yana tari, asibiti da nisa, aljihu ba nauyi, ban ga laifinta ba in ta kama abin da aka ce mata magani ne. Da mai ƙirƙirar saƙon nake.

Shi kansa siracen, babba na iya jin hancinsa ya buɗe na ɗan lokaci, amma hujjar cewa yana warkar da mura ba ta da ƙarfi. Yaro kuma kada a lulluɓe shi da zane a kan tafasasshen ruwa: ƙafa ɗaya zai motsa tukunyar ta kife a cinyarsa. Ɗiga man a hancin jariri ko shafa masa a fuska na iya shaƙe shi.

Idan ƙaddara ta riga fata, yaro ya sha, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda muka saba. Amai na iya mayar da man cikin huhu, ya zama ciwo biyu. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take tare da kwalbar, ko da yana wasansa lafiya lau. Zazzaɓin damina kuwa gwajin jini yake buƙata, don duk ranar da aka ɓata ana jiran man turare ya yi aiki, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ƙaruwa take yi.

Batun korar sauro yana da ɗan tushe, shi ya sa yake da daɗin ji. A ƙarni na 19 an dasa turare a fadamun da ke kusa da birnin Rum a Italiya don ya tsotse ruwan da sauro ke hayayyafa a ciki. Akwai kuma man shafawa na korar sauro da ake sarrafawa daga wani ɗan'uwan turaren mai ƙamshin lemun tsami, yana aiki na wasu sa'o'i. Amma bishiya a tsaye a tsakar gida ba ta hana sauro shiga ɗaki, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro.

Bishiyar kanta ba abokiyar gaba ba ce. Daga Ostareliya ta fito, inda take da iri sama da 700. Wadda muka fi sani an dasa ta a shingayen tare iska a Kano da Jigawa, da dajin Afaka kusa da Kaduna, da wuraren da aka haƙi kuza a Filato. Tana saurin girma, tana ba da itacen rumfa da na girki, in an sare ta kuma kututturen ya sake tofo. Sai dai ba ta zaman tsakar gida. Saiwarta na bin danshi har nesa, ta kutsa salga da bututun ruwa, ta ɗaga daɓe. Manoman da gonarsu ke jikin shingen turare sun san yadda gero ke tsumburewa a kunyoyin da ke kusa da ita. Babbar bishiya kuma takan saki reshe ba iska ba hadari, busasshen ganyenta na kama wuta kamar an zuba kananzir.

Da goggona ta ce to ita fa ta riga ta sayi dashe biyu, sai na ce ta kai su ƙarshen filinta na bayan gari, nesa da rijiya da katanga, yanzu da ƙasa ke da danshi. A riƙa duba gindinsu saboda gara, don ita ce ke kashe yawancin ƙananan turare a shekarar farko. Gurbin da ta haƙa a tsakar gida kuwa, mun yi shawara zogale za a sa.