Ƙaramin Ramin Da Ke Kashe Tsohon Babur: Yadda Za Ka Gyara Murfin Tankin Mai

Akwai wani tsohon babur ɗan Japan a gidanmu wanda ya girme ni. Baba ya hau shi shekara da shekaru, daga baya ya bar min. Bara sai ya tsiro da wani hali: ya tashi da bugu ɗaya, in yi tafiyar minti goma, sai ya fara shaƙewa ya mutu. In na tsaya na ɗan jima, ya sake tashi kamar babu abin da ya faru. An wanke kafireta sau biyu, an canza fulogi, an canza tiyon mai, duk a banza. Har Baba ya ce a sayar da shi ko nawa aka taya.

Aikina rubuta manhaja ne, ba kanikanci ba. Amma aikin ya koya min abu ɗaya: idan matsala tana dawowa a kan lokaci iri ɗaya, ka daina canza kaya, ka fara rubuta abin da ke faruwa. Na riƙa kunna agogon wayata duk sanda na hau. Sai na lura idan tanki a cike yake ya fi saurin mutuwa, kuma duk lokacin da na buɗe murfi don in duba mai, ina jin wani ɗan sauti kamar an ja numfashi. Ashe laifin na murfin tanki ne.

Me ya haɗa murfi da mutuwar inji?

Ka tuna gwangwanin madarar ruwa. Idan ka huda rami ɗaya, madarar da kyar take fita. Ka huda na biyu, sai ta zubo. Haka tankin tsofaffin babura yake. Irin su Honda Super Cub da ya fito a 1958, da CG125 na 1975, da tsofaffin Vespa, ba su da famfon tura mai. Tanki yana sama, kafireta tana ƙasa, nauyin man ne ke gangaro da shi. Duk man da ya fita dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, kuma a yawancin waɗannan babura iskar tana bi ta wani ɗan rami ne a jikin murfin.

Idan ramin ya toshe, tankin sai ya riƙe man, kafireta ta bushe, inji ya mutu. Cikakken tanki ya fi saurin yin haka saboda iskar da ke cikinsa kaɗan ce. Abubuwan da ke toshe ramin sanannu ne: ƙurar hunturu, tsatsa, busasshen mai da ya zama kamar ƙaro, ko fenti idan an sake fesa tankin. A baburan da iskar ke bi ta siririn tiyo kuwa, tiyon kan lanƙwashe, wani lokaci ma zanzaro ya cika shi da laka.

Toshewar tana da wata illa ta biyu. Fetur yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri ɗaya na zafi, ga kuma tururin da yake yi. Ka ajiye babur a rana da toshasshen murfi, matsin da ya taru zai iya tura mai ya malalo ta kafireta.

Gwaji biyu da ba sa cin ko sisi

Na farko: da zarar babur ya mutu, ka kai kunnenka kusa da murfi ka buɗe. Idan ka ji ya zuƙi iska, kuma bayan ɗan lokaci ya tashi, ka kusa gano ɓarawon.

Na biyu ya fi tabbas. A fili, inji a sanyaye, ka rufe makullin mai, ka cire tiyo daga kafireta ka saka shi a kwalba, sannan ka buɗe makullin. Murfi a rufe, ka zuba ido. Idan man ya fara zuba da ƙarfi, ya riƙa raguwa, kana buɗe murfi kuma ya dawo da ƙarfinsa, magana ta ƙare. Ka ɗauki bidiyo da wayarka, zai yi maka amfani wajen nuna wa bakanike.

Yadda ake buɗe ramin

Cire murfin ka yi nesa da tanki, ka rufe bakin tankin da tsumma mai tsafta. Haska fitilar waya ka nemo ramin. Yakan kasance a ƙasan murfi ko gefensa. Fesa masa maganin wanke kafireta, ka zura siririyar waya a hankali, sannan ka tura iska da sirinji ko famfon keke har ka ji tana wucewa. Wasu murafen suna da ɗan sifirin da ƙaramin ƙwallo a ciki. Idan za ka kwance irin wannan, ɗauki hoto a kowane mataki, don kada haɗawa ta gagare ka.

Kada ka ɗauki ƙusa ka faɗaɗa ramin. Babban rami zai shigar da ruwan sama da ƙura, ya kuma fesar da mai idan ka faɗa gargada.

Idan kuma yoyo yake yi

Wannan ta fi haɗari, domin injin mai zafi yana ƙarƙashin tanki ne, fulogi kuma yana nan kusa. Idan kana ganin jiƙa a kewayen murfi ko fenti yana tashi, duba robar da ke zagaye da shi. Roba mai shekaru tana ƙandarewa ta tsage. Ka canza ta da wadda aka yi don fetur, wato nitrile ko Viton. Yankan tsohon tiyub ɗin taya dabara ce ta kwana kaɗan, domin fetur yana kumbura shi ya lalace. Gam ɗin silikon ma haka: yana saɓulewa ya faɗa tanki ya toshe hanyar mai.

Sannan ka shafa bakin tankin da yatsa. Idan akwai tsatsa, toshe bakin da tsumma ka goge da samfefa mai laushi, da hannu. Duba kunnuwan da ke kama murfin. Idan sun saki, sabuwar roba ma ba za ta matse ba. Kuma ka daina cika tanki har wuya, ka bar wa man wurin kumbura.

Kafin ka sayi sabon murfi

Ba kowane murfi da ya shiga bakin tankinka ne naka ba. Baburan zamani da yawa suna shaƙar iska ta wata hanya dabam, don haka murfinsu ba shi da rami. Ka ɗora irinsa a tsohon babur, ka sayo wa kanka matsalar da kake gudu. Tafi kasuwa da tsohon murfin a hannu, ka gwada iska na wucewa kafin ka biya.

Duk wannan aiki a waje ake yin sa, babu sigari, babu ashana, babu janareta a kunne kusa.

Namu babur ɗin, abin da ya ci bai wuce sabuwar roba da minti ashirin ba. Ran Juma'ar da ta biyo baya Baba da kansa ya karɓi makulli ya hau zuwa masallaci, kuma tun daga ranar bai sake ta da maganar sayarwa ba.