Yadda lauyoyin reshen Kafanchan ke zaɓen shugabanninsu

Lauyan da ke aiki a Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, in yana son a ji muryarsa a Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, galibi Kafanchan zai nufa. A can reshen ƙungiyar na Kudancin Kaduna yake, a can kuma Babbar Kotun jiha ke zama.

Duk bayan shekara 2 ake zaɓen shugaban reshe da mataimakinsa da sakatare da ma'aji da sauran jami'ai. Kwamitin zaɓe ne ke raba fom, ya tantance 'yan takara, ya fitar da sunayen masu jefa ƙuri'a. To, a wannan jerin sunaye ne rigima ta fi tashi. Rigar lauya kaɗai ba ta ba mutum ƙuri'a. Sai ya biya kuɗin izinin aiki na shekara ba tare da ya wuce 31 ga Maris ba, ya biya kuɗin reshe, sannan rajistar taro ta nuna yana zuwa. Wanda ya yi sakaci da rasit ɗinsa, ko ya yi shekara 20 yana shiga kotu, ɗan kallo ne ran zaɓe.

A matakin ƙasa wakilai ne ke zaɓe a da. Tun 2016, lokacin da A.B. Mahmoud na Kano ya ci shugabanci, kowane lauyan da ya cika sharuɗɗa yana jefa ƙuri'arsa ta intanet.

Mutanen Gwantu ma zaɓen reshe ya shafe su, domin mataimakin shugaban reshe ne ke riƙe kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam, inda wanda aka tsare masa ɗan'uwa ba bisa ƙa'ida ba zai iya kai kuka.