Adon Fada a Gidan Talaka: Nazari a kan Ƙawata Gidaje a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe da dama an sha samun mutanen da ba sarakuna ba suna ƙawata gidajensu da fasalin fadojin dauri. A Ingila, alal misali, wani marubuci mai suna Horace Walpole ya mallaki wani ɗan ƙaramin gida a bayan birnin Landan, daga 1749 ya shiga yi masa hasumiya da rawanin katanga da tagogi masu tsinin kai, irin na tsohon ginin da Turawa ke kira Gotik. Gidan nan, watau Strawberry Hill, ya zama abin koyi ga jama'a da yawa. A birnin Kano ma akwai irin wannan al'ada, sai dai abin koyinta yana nan cikin ganuwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana abubuwan da maigida ke arowa daga ginin fada, da inda yake sa su, da kuma aikin da kowannensu ke yi bayan ƙawa.

2.0 Tushen Koyi

Tarihin Kano ya nuna an fara gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134). Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ya faɗaɗa ta, ya kuma gina fadar da ake kira Gidan Rumfa har yau. Wannan fada da Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, su ne ma'aunin kyan gini a idon Bakano: katanga mai kauri, soraye a jere, rufi mai tsawo, da zane a bango.

Da farko kaɗan ne suke iya kwaikwayon wannan fasali. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da ɗakunan ciyawa a cakuɗe da gidajen ƙasa, gidajen bene kuwa galibi na fataken Larabawa ne a unguwar Dala. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa su suka sa kuɗi a hannun fatake da dillalai da masu sana'a. Daga nan ado ya fito daga cikin soraye zuwa fuskar gida, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

3.0 Abubuwan da Ake Arowa

3.1 Zanko da Rawani

Zanko shi ne ɗan tsinin da ake fitarwa a kusurwar soro, rawani kuwa shi ne gajeren ginin da ke kewaye rufi. Su ne abin da ido ke fara gani daga nesa, kuma su ne mafi sauƙin kuɗi, saboda haka kusan kowane zaure yakan samu. Amma ba don ƙawa kaɗai ake yin su ba. Kusurwa ita ce inda ruwan sama ya fi ci, zanko ke ƙara mata nauyi da kariya, kuma magina sukan ɗaura igiya a jikinsa in za su yi yaɓe. Rawani shi ke tattara ruwan rufi ya kai shi ga indararo.

3.2 Baka da Ɗaurin Guga

A nan ne gwanintar magini take. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce wajen ƙafa 6. To, mai son soro mai faɗi dole ya nemi dabara. Dabarar ita ce baka: ana dasa azara a cikin bango hannu biyu, ana ɗaure wata bisa wata da igiya, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana lulluɓe su da ƙasa, har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. In aka giciya baka biyu, an sami ɗaurin guga ke nan, sunan da aka ɗauko daga itatuwan da ake giciyawa a bakin guga.

Wanda ya ga irin wannan rufi yakan kwatanta shi da na ginin Gotik, gama dukansu suna ja da ido sama. Amma aikinsu ya bambanta. Bakan Gotik na dutse ne, yana tura bango waje, sai an tokare shi. Bakan Bahaushe kuwa itace ne a cikin ƙasa, ƙarfinsa daga cikin bango yake fitowa. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A fada akan haɗa bakuna masu yawa a soro guda, talaka kuwa in ya sami ɗaurin guga ɗaya a zaurensa, ya kai gaci.

3.3 Zane

Ana yin zane ko dai ta hanyar tayar da ɗanyar ƙasa da hannu ta yi tudu, ko kuma ta hanyar karta shafe kafin ya bushe. Siffar da ta fi shahara ita ce dagi, wadda ake gani a aikin riga da na fata, wadda kuma ta zama tambarin Jihar Arewa. Akwai kuma takobi da allo. Da zamani ya juya, sai masu zane suka shigo da keke da agogo da jirgin sama, watau maigida ya ari fasalin fada amma ya ba da labarin kansa.

3.4 Makuba da Laso

Zanen ƙasa ba ya jure damina sai da kariya. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ake shafa wa bango. Laso kuwa haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, ana shafe rufi da shi. Ashe ke nan adon gida ya dogara ga marini da majemi kamar yadda ya dogara ga magini.

4.0 Iyakar Aro

Abin lura shi ne maigida ba ya mai da gidansa duka fada. Aron yakan tsaya ga zaure da fuskarsa, domin nan ne ake karɓar baƙi, a ɗaura aure, a yi zaman makoki, wani lokaci har da makarantar allo. Da an wuce shigifa, adon ya koma hannun mata, watau jeren kwanuka da tasoshi da gado. Saboda haka zaure shi ne shaidar matsayin maigida a unguwa, kuma jama'a sun san gwargwadon kowa. Wanda ya yi zauren da ya fi ƙarfinsa, akan tuna masa cewa zanen aro ba ya rufe katara.

5.0 Zuwan Siminti

Siminti da kwano sun sauya al'amarin. A yau ana ganin zanko da dagi na siminti a ƙofofin ma'aikatu da manyan gidaje, inda siffar ta rage amma aikinta ya tafi. Babbar ɓarna kuwa tana faruwa ne in aka shafe bangon tubali da siminti don gudun yaɓen shekara-shekara. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma in ruwa ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita. Sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, har ran da shafen zai ɓamɓare da zanen gaba ɗaya. Bugu da ƙari, da yake masu neman baka sun ragu, maginan da suka iya ɗaure ta su ma suna raguwa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya ganin cewa adon fada a gidan talaka ilmi ne na ƙasa da itace da ruwa, wanda magina suka gada hannu da hannu. Mai son wannan fasali a gidansa ya kamata ya haɗa kowane ado da kayan da ya dace da shi, ƙasa da makuba, siminti da bulo. Ya kamata kuma masana harshe su gaggauta tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin tsofaffin magina, tun suna da rai.