Sake ƙera 'yan tsanan Star Wars na Kenner da firintar 3D

Sake ƙera 'yan tsanan Star Wars na Kenner da firintar 3D hanya ce da masu tara tsofaffin kayan wasa ke bi wajen ɗaukar siffar 'yar tsana ko wani sashe nata, su shigar da ita cikin kwamfuta, sannan su fitar da kwafinta na roba a gida. Kamfanin Kenner na birnin Cincinnati a Amurka ne ya sayar da waɗannan 'yan tsana daga 1978 zuwa 1985, kuma tsawon yawancinsu bai kai santimita 10 ba.

Dalilin yin kwafi

Yawancin 'yan tsanan suna zuwa ne da ƙananan kaya kamar bindiga, takobi ko alkyabba, kuma su ne yara suka fi ɓatarwa. Shi ya sa mafi yawan abin da ake bugawa ba 'yar tsanar gaba ɗaya ba ce, kayanta ne da suka salwanta.

Akwai kuma waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Misali shi ne Boba Fett mai harba roka daga baya, wanda Kenner ya shirya fitarwa a 1979 amma ya fasa, bayan da wani yaro ya mutu sakamakon shaƙewa da ƙaramar rokar wani abin wasa na kamfanin Mattel. Samfuran gwaji kaɗan ne suka tsira, kuma a 2024 an sayar da ɗaya a gwanjo kan fiye da dala miliyan ɗaya.

Ɗaukar siffa

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ɗaukar hotuna masu yawa daga kowace kusurwa, sai manhaja irin su Meshroom ta haɗa su ta fitar da siffa mai tsawo, faɗi da kauri. Wata hanyar ita ce amfani da sikana mai haska zanen haske a jikin abu tana auna yadda zanen ke lanƙwashewa.

A nan ne aikin ya fi wuya. Robar Kenner tana da sheƙi da santsi, ga shi bindigogin ƙanana ne masu duhun launi, ita kuwa manhaja tana buƙatar ɗigo da tabo a jikin abu kafin ta gane wuri ɗaya a hotuna daban-daban. Don haka akan fesa wa abin wata hoda da ke kashe sheƙi, amma mai 'yar tsana mai tsada ba ya son komai ya taɓa fentinta. Sikana kuma waje kawai take gani: ba ta ganin ramin kafaɗa da turakun da ke riƙe hannu da ƙafa. Sai an gyara siffar a manhaja kamar Blender, a toshe ramuka, a zana gaɓoɓin da hannu. Ga abu mai miƙaƙƙun gefuna kamar bindiga, sau da yawa aunawa da zanawa daga tushe ya fi sikanin fitar da aiki mai tsabta.

Bugawa

Firinta mai narkar da zaren roba tana jera shi hawa-hawa, kaurin kowane hawa milimita 0.1 zuwa 0.2, kuma layukan suna bayyana a ƙaramar fuska. Irin wannan firinta ta yi araha ne bayan 2009, lokacin da haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare. An fi amfani da firinta mai daskarar da ruwan rezin da hasken UV, wadda hawanta ke kai milimita 0.05 ko ƙasa. Bayan bugawa ana wanke abin da sifirit, a sake gasa shi da haske, a goge, a yi fenti. Ruwan rezin yana cutar da fata, don haka ana sa safar hannu a kuma yi aikin inda iska ke shiga. Rezin na yau da kullum yana saurin karyewa, saɓanin robar hannuwa da ƙafafun asali mai ɗan laushi.

Taƙaddama

Siffofin Star Wars mallakar Lucasfilm ne, wanda Disney ta saya a 2012, kuma sayar da kwafi ba da izini ba keta haƙƙin mallaka ne. Abin da ya fi damun masu tarawa shi ne jabu: wanda ya buga bindiga don cike gurbi a kabad ɗinsa bai cuci kowa ba, amma idan kayan suka sauya hannu sau biyu ko uku, mai saye na gaba zai iya biyan kuɗin asali a kan kwafi. Wasu masu bugawa kan sauya launi ko su sa alama da gangan. Masu saye kuma suna duba layin mazubi da tabon turakun da ke fitar da roba daga cikinsa, suna kuma jefa makamin cikin ruwa, domin yawancin na asali suna tasowa, rezin kuwa nutsewa yake yi. Wannan gwaji bai isa shi kaɗai ba, tunda akwai jabun da aka zuba da roba marar nauyi waɗanda su ma suke tasowa.