Zawarci a Matsayin Sabuwar Rayuwa: Nazari a kan Alhaki Kuykuyo Ne

Ƙagaggun labaran Hausa na farko, waɗanda suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ba su cika damuwa da halin da mace takan shiga bayan rabuwa ba. Ko a Jiki Magayi, inda dukiyar Malam Shehu ta raba Abubakar da Zainab, namijin aka bi, shi da neman ramuwarsa. A wannan 'yar maƙala za a duba littafin da ya juya al'amarin, watau Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990.

Tauraruwar labarin ita ce Rabi, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara. Alhaji ya auro Delu, mace mai zaman kanta, ba a daɗe ba kuwa ya saki Rabi, ya kore ta ita da 'ya'yanta. Har zuwa nan dai babu wani baƙon abu, domin kowace unguwa tana da irin wannan gida.

Inda littafin ya fita daban shi ne yadda aka warware jigon zawarci. A tunanin Bahaushe, zawarci zaman jira ne: mace ta gama idda, ta zauna a gaban iyayenta, har Allah ya kawo bazawari. Marubuciyar ba ta kawo wa Rabi bazawari ba. Abin da ta ba ta shi ne tukunya da murhu. Da sana'ar sayar da abinci Rabi ta ciyar da 'ya'yanta, ta riƙe karatunsu, har ta aurar da 'yarta Saudatu ga mutumin kirki, Alhaji Abubakar. Sannu a hankali mai karatu yakan ga macen da a da take jiran kuɗin cefanen da ba ya isa ta zama mai yanke shawara a kan kuɗinta. Haƙiƙa a nan ne Rabi ta san ko ita wace ce. Ba a cikin dogon tunani ta gano hakan ba, a'a, a bakin wuta ta gano shi, tsakanin hayaƙi da lissafin ciniki. Wanda duk ya taɓa cin tuwon shinkafa da kifi a rumfunan mata a kasuwar Argungu ya san irin su Rabi. Abin da ya rage kawai shi ne ba a saba ganinsu a matsayin taurarin littafi ba.

Ƙarshen labarin ne ya fi jawo muhawara tsakanin manazarta. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, sai dangi suka matsa wa Rabi ta koma masa, ta kuwa koma ba da son ranta ba. Wasu na ganin marubuciyar ta rushe da hannunta abin da ta gina. A ganina ba haka ba ne. Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, domin a yanzu guminta ne yake riƙe da gidan, mijin kuma yana ci daga hannun da ya wulaƙanta. Sai dai kuma dole a yarda cewa akwai ɗaci a ciki, tun da maza ne suka yanke hukuncin, ba ita ba.

Ita kanta Balaraba, wadda aka haifa a Kano a 1959, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, auren ya mutu, daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. Ta sake taɓo wannan jigo a Wa Zai Auri Jahila?, inda ilimi ya maye gurbin sana'a a matsayin mafita. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne cikin Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi.